Bahago Magini Ya Ci Tuwonsa a Rana

Malam Bahago magini ne a unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya. Sunansa na yanka Idi, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna. Da hagu yake jefa tubali, da hagu yake yaɓe, abinci kaɗai yake ci da dama, shi ma don an sha dukansa a kai yana ƙarami.

Na san shi sosai a shekarar 1956, lokacin da na dawo daga karatu a Ingila na tarar ɗakina na yoyo. Ya zo ya duba, ya hau, ya sauko, ya tambaye ni abin da na karanto. Na ce ilimin taswirar ƙasa. Ya ɗebi ɗan garin ƙasa daga gindin bango ya ɗora a harshe, ya tofar, ya ce, "Wannan ta kududdufin bayan masallaci ce, yashi ya yi mata yawa. An koya muku wannan?" Na ce ba mu kai nan ba. Ya ce ba komai, ƙila sai a aji na gaba.

Ubansa Mika'ilu shi ma magini ne. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar jaki ba. Abin da Bahago ya gada tsani ne guda, da rufin soro goma sha ɗaya da tsohon ya gina a cikin birni. Gidajen na mutane ne, amma a wurin Mika'ilu rufin nasa ne, don haka kowace bazara, kafin ruwan farko, yakan ɗauki tsani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kira shi ba. Bahago ya ci gaba da wannan zagaye shekara ashirin da biyu.

Na tambaye shi yadda uban ya koya masa aiki. Ya ce ai bai koya masa ba, gaba kawai yake yi shi yana bi. A haka ya san cewa ƙasar gini sai an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta ruɓa kwanaki, kuma ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya bushe, ko da mai gida zai yi kuka. A haka ya san ba a hawa rufi da takalmi, domin diddige ne ke jin wurin da ya yi laushi. Abu ɗaya ne kawai tsohon ya faɗa masa da baki. Idan magini ya gama duba rufi, masu gida sukan kawo masa abinci. In ya yarda da rufin, ya zauna a ƙarƙashinsa ya ci. In bai yarda ba, ya fita da akushinsa waje. Ba ya musu da mai gida, ba ya rantsuwa.

"Sau nawa ka fita da akushi?" na tambaye shi.

"Ban taɓa ba," in ji shi. "Baba ya taɓa sau ɗaya, aka ce."

A cikin rufin nan goma sha ɗaya, wanda ya fi ji da shi shi ne zauren Alhaji Ɗahiru, wani tsohon falke da ya daina tafiya. Shi ne aikin Mika'ilu na ƙarshe, rufin baka ne wanda aka lanƙwasa da azara, ba ginshiƙi a tsakiya. A nan Alhaji yake wuni bisa buzunsa, a nan abokansa suke taruwa bayan la'asar.

Alhaji yana da ɗa, Malam Sani, akawu a wani kamfanin sayen auduga. Mutumin kirki ne, mai son mahaifinsa. Ya gaji da ganin ana yaɓe zauren da makuba duk shekara, wato ruwan kwasfar ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa don kare bango daga ruwa. Sai ya ɗauko wani birkila daga Sabon Gari, aka shafe zauren da siminti, rufi da bango, ciki da waje. An yi wannan ne mako biyu bayan zagayen Bahago na shekarar da ta gabata. Zauren ya fito sumul, har mutanen Tukur-Tukur suka riƙa ratsowa don su gani. Bahago ya wuce ta ƙofar gidan, ya duba, ya ce "To," ya ci gaba da tafiya. Damina ɗaya ta wuce a kan simintin.

Ranar da zagaye ya kawo shi gidan a bazarar da nake magana, na bi shi, saboda ina son in ga yadda ake yi. Ya jingina tsani, ya hau. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Muna jin ƙarar ƙwanƙwasa, nan ƙwas-ƙwas, can kuma bum-bum kamar tulun da ba ruwa. Da ya sauko, Malam Sani na tsaye da farin kaftani.

"Baba Bahago, ai da ka huta. Wannan siminti ne. Shekara hamsin ba abin da zai same shi."

"Simintin lafiyarsa lau," in ji Bahago. "Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ba ta da lafiya. Ya tsage a bakin indararo, siririyar tsaga kamar gashi. Ruwa ya shiga bara, bai sami hanyar fita ba. Yana nan ciki."

"Ka gan shi?"

"Na ji shi."

"Da me?"

Bahago ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya nuna masa diddige. Malam Sani ya dube ni, yana neman mai ilimi ya sa baki. Na ce ni taswira na karanto.

"Me kake so a yi?" in ji Alhaji daga kan buzu.

"A ɓamɓare, Alhaji. A duba kawunan azara kafin ruwa ya sauka."

Malam Sani ya ce ba wanda zai taɓa aikin nan. Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi bangon mai sheƙi, ya ce a kawo wa ɗan Mika'ilu abincinsa. Maganar ta tsaya a nan.

Malam Sani da kansa ya shiga ya fito da akushi, tuwon dawa da miyar kuka daga hannun Inna Delu, uwargidan Alhaji. Ya ajiye a kan tabarma a tsakiyar zaure, inda aka saba ajiyewa. Bahago ya wanke hannu, ya yi godiya, ya ɗauki akushin ya fita. Ya tsallaka hanya ya zauna a kan wani dutse. Azahar ce ta bazara, ba inuwa ko ta kara. Ya ci tuwonsa a natse, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya suɗe hannu, ya mayar da akushi bakin ƙofa ba tare da ya shiga ba. Ya ɗauki tsaninsa ya tafi.

Ba wanda ya yi shela, amma tsofaffin Kusfa sun san Mika'ilu. Da la'asar abokan Alhaji suka zo, suka yi sallama daga waje, suka ce yau zafi ya yi yawa, bari su zauna a gindin katanga. Washegari ma haka. Mai fura ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙo ƙwarya da dogon hannu. Liman ya zo gaisuwa ya ce yana sauri, ya yi rabin sa'a a tsaye a waje yana saurin. Alhaji ya riƙa hira da mutane ta ƙofa, yana ɗaga murya.

A rana ta huɗu Inna Delu ta aiko da saƙo cewa daga yau a tsakar gida za ta ajiye wa Alhaji abinci, mai so ya shigo. A rana ta biyar hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Alhaji ya kira ɗansa.

"Sani, simintin nan naka yana da kyau ƙwarai. Amma ba ya hira. Je ka kira min Bahago."

Bahago ya zo da ƙaramin gatari. Ya ce wuri ɗaya zai buɗe, faɗin tafin hannu, in ya tarar da busasshiyar ƙasa shi da kansa zai nemo birkilan ya toshe. Ya buga sau biyu kusa da indararo. Simintin ya faɗo a ɓawo ɗaya. Ƙasar da ke bayansa baƙa ce, tana warin kududdufi. Ya cusa hannu ya zaro kan azara, ya murza shi tsakanin yatsu ya zama gari, gara na zuba. Ya miƙa wa Malam Sani. Malam Sani ya karɓa, ya daɗe yana duba shi, sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin, daidai saman buzun mahaifinsa. Ya shiga ya naɗe buzun ya fito da shi.

Aikin ya ci kwana goma sha tara. An tokare bakan da itace, an sauya azara bakwai, sauran na Mika'ilu an bar su don ba abin da ya same su. Ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan an gama yaɓen makuba. Malam Sani ya ɗauki hutu daga ofis a makon ƙarshe, na gan shi ya naɗe wando yana taka ƙasa, ba da gwaninta ba.

Da aka ɗauke ruwan, Bahago ya hau ya taka rufin, ya sauko. Malam Sani ya fito da akushi ya tsaya da shi a hannu, bai san inda zai ajiye ba. Tsofaffi sun taru a bakin ƙofa. Bahago ya karɓa, ya shiga, ya zauna a tsakiyar zaure, ya kai loma. Sai mutane suka fara cire takalma suna shigowa.

"Yaya ka ji, ɗan Mika'ilu?" in ji Alhaji.

Bahago ya haɗiye, ya yi ɗan tunani.

"A gaya wa Inna Delu gishiri ya yi kaɗan," ya ce.