Kabarin Dokin Kakana

Kakana na wajen uwa Bature ne. A gidanmu ba a faɗin haka da ƙarfi, amma duk wanda ya kalli mahaifiyata ya sani. Fara ce sol, idanunta kamar na mage, kuma tun tana yarinya a Rabah yara suke bin ta da waƙar tsiya a hanyar rijiya. Abin da ta gaya mini kaɗan ne. Shi jami'in mulki ne da ke sauka a barikin Rabah in ya fito rangadi, kakata kuma bazawara ce mai dafa wa ma'aikatansa abinci. Damina biyu suna tare. Sai yayansa ya mutu a Ingila, sarautar gidansu ta faɗo kansa. Ya tafi ya bar ta da ciki, da wata takarda da ya rubuta cewa abin da za ta haifa nasa ne.

Inna ta yi aure a Goronyo, gidan manoma albasa, can ta haife mu. Ni na zama malamin Turanci a wata sakandare a Wurno.

Wata Talata shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, ya ce baƙi sun zo daga Ingila suna neman tafinta. Tsohuwa ce mai sanda, da ɗanta, wanda aka ce shi ke riƙe da sarautar gidansu yanzu. Ta ce mahaifinta ya yi aiki a nan, ya bar littattafan da yake rubuta abin da ya faru kullum, su suke bi. A mota, kan hanyarmu ta zuwa Rabah, ta yi ta nuna mini hotuna: gidansu na dutse mai tagogi barkatai, tafki a gabansa, mahaifinta cikin alkyabbar sarauta, sannan shi da 'ya'yansa huɗu a bakin ƙofa. Kafin mu wuce Achida na gane. Haɓar Inna ce a fuskar mutumin, har yadda yake ɗan karkata kai.

Na tambaye ta abin da suke nema a Rabah. Ta ce doki. Mahaifinta yana da wani doki da ya mutu a can, ya binne shi kusa da bariki, ya cika shafuka da labarinsa, kuma har ya tsufa yana ambatonsa a wajen cin abinci.

Na ce akwai wata tsohuwa a Goronyo da ta san wani abu game da mahaifinta. Suka yi murna.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau. Na durƙusa na gaya mata ko su wane ne. Ta daɗe tana kallon baƙuwar, sannan ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da takardar a naɗe cikin tsumma.

Baturiyar ta sa tabarau ta karanta. Na ga wuyanta ya yi ja. Ta miƙa wa ɗanta, shi ma ya karanta, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, na tsinci kalmar lauya. Ta ninke takardar ta mayar, ta ce mahaifinta mutum ne mai kyautata wa barorinsa, ya sha rubuta musu takardu.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

Na fassara mata yadda aka faɗa, ban rage ba.

"Hwaɗa mata ban son komi nasu," ta ce. "Abu guda nika son sani. Cikin littattahan nan, ya ambaci uwata?"

Na tambaya. Baturiyar ta ce ta karanta su daga farko zuwa ƙarshe, babu wata mace a Rabah.

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda, Inna."

Inna ta ce in ba su ruwa su sha. Ta koma kan albasarta, ba ta sake ɗaga kai ba har muka fita.

Abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa shi ne na ƙarasa musu aikin. Na kai su Rabah. Barikin ya rushe tuntuni, wurin ya zama gonar gero. Wani dattijo da muka samu a gindin tsamiya, wanda na tabbata bai san komai ba, ya nuna wani tudu ya ce nan ne. Baturiyar ta tsaya a kan tudun ta yi kuka sosai, ɗanta yana ɗaukar hoto. Ni ina riƙe mata da sanda. Da za mu rabu ta yaba Turancina.

Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba. Bayan shekara biyu ta rasu, lokacin cirar albasa, muka binne ta a Goronyo. Na ga ya dace 'yar'uwarta ta sani, sai na rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa adireshin da suka bari a makaranta. Ban roƙi komai ba. Amsa ta zo bayan wata uku daga ofishin lauyan gidan, layi huɗu. Sun ce iyalin ba su san da wata dangantaka tsakaninmu ba, kuma suna roƙona kada in sake rubuto musu.