Albasar da Dalma Ya Share

Shekara talatin da ɗaya Dalma ya yi yana gyaran kayan mutane a shago guda, tsakanin shagon tela da na mai sayar da batir. Da rediyo ya fara. Da rediyo ta ja baya ya koma kaset, kaset ya mutu ya koma waya. Dalma ake ce masa saboda ƙaurin dalmar da yake narkawa, wanda ya kama rigunansa har matarsa ta gaji ta daina magana. Ba mai surutu ba ne. In ka zo kana ba shi tarihin yadda wayarka ta faɗi, hannu kawai zai miƙa maka.

Yana da wata ɗabi'a da yake kira shara. Duk wayar da ta shigo hannunsa, ko maɓalli ɗaya aka ce ya gyara, sai ya bi cikinta ya goge tarkacen da ke shan batir da manhajojin da bai yarda da su ba. Kyauta yake yi, kuma ba ya neman izini. Ya ga dattawa da yawa da aka yaudara ta saƙon ƙarya sun zo shagon ido ya yi ja, don haka ya kafa wa kansa doka: adireshin da ba ya karantuwa na ɓarayi ne, shafin mutanen kirki yana da suna. Dokar ta ceci mutane, har da telan, wanda sau biyu yana kusa da afkawa.

Auta ƙanwarsa ce, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Ta karanci kimiyya, ta sami aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin fenti a bayan gari. Aikinta awon ruwan da kamfanin ke saki cikin magudana, ta rubuta abin da ta gani a rajista. Ranar da aka fara ba ta farar rigar aiki, da ita ta zo shagon don ya gani. Ran nan ya tashi da wuri ya raka ta gida a ƙafa, ta layin da ya fi jama'a.

Wata Talata ta kawo masa wayarta gilashin ya tsage, ta ce za ta biyo da la'asar. Ya canza gilashin, sannan ya shiga shara kamar kullum. A ciki ya tarar da wata manhaja mai hoton albasa. A wurin ajiye rubutu kuma ga wani adireshi, haruffa da lambobi hamsin da shida a jere, ba kai ba gindi, ƙarshensa kalmar Turanci ta albasa. Ya leƙa ya nuna wa tela. Tela ya ɗaga tabarau ya ce ashe Auta ta koma sayar da kayan miya ba a sanar da unguwa ba. Dalma bai yi dariya ba. Ya taɓa jin cewa ta irin wannan hanyar ake cinikin ƙwaya da kayan sata. Ya goge manhajar, ya goge adireshin, ya goge gilashin da tsumma.

Da ta zo ta duba wayar sai fuskarta ta canza.

“Yaya, gilashi kawai na ce ka canza.”

Ya ce ai ta gode Allah da wayar ta biyo ta hannunsa. Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani. Wata abokiyar aikinta da ta bar kamfanin ce ta saka mata. Babbar jaridar nan da kowa ya sani tana da akwatin saƙo ta wannan hanyar, inda mutum zai aika abu ba a san daga inda ya fito ba. Bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya tambaye ta me jarida mai suna da ofis za ta je yi a unguwar ɓarayi. Ya ce wani ne ya ari sunan jaridar don ya kwashe abin da ke wayarta, ya sha ganin irinsa.

“In saƙo gare ki, ga shafinsu nan a fili. Ki tura kamar kowa.”

Ta tsaya tana juya wayar a hannu. Abokiyar aikin nan shekara biyu ta san ta. Dalma kuwa shi ya koya mata saka batir a rediyo tun ba ta kai tsawon teburinsa ba.

“Ka tabbata, Yaya?”

“Shekara nawa nake wannan aikin?”

Bai tambaye ta wane saƙo ne ba. Har yau wannan ne ke cinsa.

Bayan mako uku jaridar ta buga labari kan kamfanin fentin, da hotunan rajistar gwaji, inda aka cike sakamakon ranakun da ba a ma ɗebi ruwan ba tukuna. Bayan kwana huɗu Auta ta daina zuwa aiki. Ta ce masa an rage ma'aikata ne, ya yi mata jaje, ya koma kan teburinsa.

A bakin tela ya ji sauran. Wata safiya ya ga farar riga a kan keken ɗinki, an zana mata layi da alli. Auta ce ta kawo, a fitar wa 'yarta rigar makaranta daga ciki. Tela ya rage murya ya gaya masa abin da ta faɗa: ita ta aika hotunan, a lokacin hutun rana, ta shafin jaridar na fili, da intanet ɗin kamfanin. Mai kula da kwamfutocinsu ya fito da jerin wayoyin da suka shiga shafin jaridar, da wadda ta tura kaya masu nauyi, da ƙarfe nawa. Suna ɗaya ne ya fito. Ta nemi aiki a ɗakunan gwaji uku, duka sun riga sun ji labarinta. Yanzu tana jera kwalaye a wani shagon magani.

Dalma ya ji ba daɗi, amma bai ɗora wa kansa laifi ba. A ganinsa ya raba ta da ɓarayi, sauran kuma ƙaddara ce.

Sai bayan wata biyar wani tsohon malamin makaranta, wanda tun zamanin rediyo yake kawo masa gyara, ya zo da waya ba ta caji. Yana miƙa ta ya ce a gyara, amma kada a taɓa masa albasarsa, ya san halin mai shagon. Dalma ya fara karanta masa dokarsa. Tsohon ya ja kujera ya zauna. Ya tuna masa tashar nan ta ƙasar waje da suke kamawa a gajeren zango, suna murɗa eriya tana shuuu. Ya ce yanzu shafinta wata rana ya buɗe wata rana a toshe shi, shi ya sa tashar da kanta ta buɗe ƙofa ta wannan hanyar. Saƙonka yana bi ta hannu uku, a naɗe ɓawo kan ɓawo, kowane hannu ɓawo ɗaya yake ɓarewa. Na farko ya san kai ne amma bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda za a kai amma bai san kai ba. Ɓarayi suna bi, gaskiya ne, kamar yadda suke bin titin da ke gaban shagon nan.

Dalma ba ya ɗaukar magana sai ya gani. Da tsohon ya tafi, ya buɗe shafin jaridar na fili a tsohuwar kwamfutarsa, ya gangara can ƙasa inda bai taɓa dubawa ba. Ga shi nan jaridar da kanta ta rubuta: mai son aiko mana da bayani a asirce ya bi ta wannan adireshin, kuma kada ya yi amfani da intanet ɗin wurin aikinsa. Ya sa yatsa a gilashi ya ƙirga haruffan. Hamsin da shida. Ya saka manhajar, ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, shafin ya buɗe a hankali da tambarin jaridar a sama. Ya daɗe yana kallonsa, ƙarfen dalma yana hayaƙi a gefe ba mai kula shi.

Washegari ya rufe shago da hantsi, abin da bai saba ba, ya je shagon maganin. Ya same ta a kan tsani tana jera kwalaye. Ya miƙa mata kati, ya rubuta adireshin a kai da hannunsa.

Ta karanta, ta ce ta sani. Ta gani a shafin mako ɗaya bayan an sallame ta.

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Da na gaya maka, me za ka gyara, Yaya?”

Ta mayar masa da katin, ta tambayi lafiyar matarsa da yara, ta koma kan tsani.

Katin yana manne a cikin aljihun teburinsa yanzu. Ya daina shara. In ya ga abin da bai gane ba a waya, yakan jira mai ita ya tambaya, masu gyara suna cewa Dalma ya tsufa ya yi sanyi. Auta tana zuwa gidansa kamar da, 'yarta tana wasa da jikokinsa cikin farar rigar makaranta. Watan jiya lasifikar wayarta ta lalace, ta kawo masa. Ya ce ta je ta dawo da la'asar. Ta ce ba komai, za ta jira. Ta tsaya a bakin tebur tana kallon hannunsa har ya ɗaure sukurun ƙarshe.