Kakin da Aka Gwada da Sunan Asana

Duk wanda ya taɓa karyawa a bakin babbar kwatar unguwar Maamobi ya san Mma Asana mai koko. Tukwane uku take ɗorawa, biyu na koko, ɗaya ta man ƙosai, duk a kan itace. Ta ce gas ba ya ba koko ƙamshi. Na taɓa ƙirga layinta, mutum talatin da bakwai kafin a fito daga masallaci.

A unguwar Nima da ke kusa aka haife ta. Ubanta daga Dosso ya zo da fataucin albasa, uwarta kuwa ita ta fara kafa murhun nan. Asana ta gaji murhun, ta gaji ludayin, ta gaji fuka. Mijinta Abdulmajeed direban motar haya ta trotro ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, kuma kokon ne ya raine su. Ƙanwarta Wadia, mai ɗinki, ɗakinsu ɗaya. Kamarsu ɗaya, ita ma tana da fuka, kuma inhela ɗaya, abin fesa maganin fuka a baki, suke shaƙa idan ƙirji ya kama. A gidan ba a cewa nawa. Hijabi, takalmi, katin asibiti, duk wanda ya fara ɗauka shi ke da shi.

Bara ƙirjin Asana ya canja murya. Da tari ne, yanzu fito yake yi, siririn fito kamar na buta a kan wuta. Tana zuba koko sai ta tsaya, ta dafa benci.

A lokacin ne Lawal, ma'aikacin lafiya ɗan unguwar, ya fara bi gida gida. Ya ce wani asibiti na bincike. Fuka ba iri ɗaya ba ce, in ji shi. Za a sa mutum ya shaƙi tururin ruwan gishiri, ya tofar da kaki, a duba irin furotin da ke fitowa daga hanyar numfashinsa. Wata fukar ta ƙura ce da kyankyaso, tana jin inhela mai ruwan ƙasa. Wata ba ta cika jin sa ba, sai an canja magani, kuma sau da yawa sai mai ita ya rabu da hayaƙi.

"Ya rabu da hayaƙi ya ci me, Lawal? Tururin gishirin?" in ji Asana. Layi ya fashe da dariya. Amma ta bari ya rubuta sunanta.

Gwajin na safe ne. Safiya kuwa ita ce kasuwar koko gaba ɗaya. Wadia ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Ke je ki amsa mini," in ji Asana tana tankaɗe gero.

"Yaya, ai ba layin ruwa ba ne da za a riƙe wa mutum."

"Fukar uwarmu ce a ƙirjina, ita ce a naki. Nono ɗaya muka sha. Kaki kaki ne."

Wadia ta saka shuɗin hijabin yayarta, ta ɗauki katin. Lawal ba ya asibitin, shi na unguwa ne. Aka kira Asana, Wadia ta miƙe, ta shaƙa, ta tofar. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta sau biyu.

Sakamako ya fito: fukar ƙura ce, mai jin magani. Lawal da kansa ya kawo inhela mai ruwan ƙasa yana murna. "Mma, kin yi sa'a. Taki mai sauƙi ce."

Suka ci gaba da shaƙa tare yadda suka saba. Cikin ɗan lokaci Wadia ta daina tari, har tana hawa gadar ƙafa ba hutawa. Asana kuwa daga fesa biyu ta koma huɗu, ta koma shida. Da ta ji an ce tata mai sauƙi ce, sai ta ƙara tukunya ta huɗu. Ta rame. Idan ta yi ruku'u ba ta iya ɗagowa sai ta dafa bango, yanzu a zaune take salla.

Wadia ta yi kuka, ta ce za ta faɗa wa Lawal.

"Ki faɗa a ce mun yi wa asibiti ƙarya? Duk Zongo su ji?"

"Su ji mana! Kunya tana kashe mutum ne?"

Asana ta tura itace cikin murhu. Can ta ce, ba ta dubi ƙanwarta ba, "In sun duba nawa, na san abin da za su ce."

Ranar Asabar da ta wuce ina cikin layi, Lawal na gabana. Asana ta ɗaga ludayi, ta tsaya. Fiton ya taso, har mai shayin da ke gefe ya juyo. Leɓenta ya yi toka-toka. Wadia ta baro keken ɗinki da gudu ta danna mata inhela a baki. Sai a fesa ta bakwai ludayin ya koma tukunya.

Lawal bai karɓi kokonsa ba. "Mma, wannan ba daidai ba ne. Irin taki ba ta yin haka da wannan magani. Ko dai injin ya yi kuskure. Ranar Litinin da safe ki koma a sake gwadawa, don Allah."

"To, ɗana. In sha Allah."

Ya tafi yana waige. Hayaƙi ya kwanto ta wajenta, ba ta kauce ba. Ta miƙo mini kokona, sannan ta juya ga Wadia, muryarta ba ta fi raɗa ba.

"Litinin ki tashi da wuri. Shuɗin hijabin na nan."