Mutumin da Ya Fasa Mana Katanga

Tun kafin masu shago su buɗe ƙofa, shi ya riga ya shiga kwata. Takalmin roba har gwiwa, tsohuwar riga da ta manta launinta, shebur a kafaɗa, sai wata sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ba ta rabuwa da hannunsa. Da ita yake zaƙulo leda da gwangwani da tsumma daga cikin kwalbati, ya tara su gefe, ya bi magudanar layinmu tun daga sama har inda take faɗawa rafi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Mu da muka tashi a layin Baba Mai Ƙarfe muke ce masa. Matasan da ke zama gindin bishiya kuwa Ministan Kwata suke kiransa, shi kuma yakan ce ya karɓi muƙamin, tunda dai tasa ma'aikatar tana aiki.

Kwatar titi aka ɗauke shi ya yashe, amma bai taɓa tsayawa a nan ba. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya bi gida gida yana sallama. Abin da yake nema guda ne, a bar shi ya duba rariya, wato 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga don ruwan tsakar gida ya samu hanyar fita. Zai durƙusa ya zura ƙarfensa, ya tabbatar ta buɗe. Kafin ya tafi sai ya tuna wa matan gida su sa takardu a leda su ɗora kan kabad, su ɗage buhunan hatsi daga ƙasa, su kashe wutar lantarki idan ruwa ya taɓa dokin ƙofa. Matar mai wanki ta ce da bakinta, takardun makarantar 'ya'yanta biyar albarkacin nacinsa suka tsira.

A gidanmu ne aka taɓa hana shi.

Shekara huɗu da suka wuce, maciji ya shigo ta rariyarmu ya kwanta bayan randa. Mahaifina, wanda malamin makaranta ne, ya kashe shi, washegari ya kira magini aka like kafar da siminti. Da Baba ya zo zagayensa ya ga haka, ya roƙi a buɗe, a sa ragar ƙarfe maimakon toshewa. Mahaifina ya ce macijin da ya samu hanya sau ɗaya ba raga ce za ta hana shi ba. Baba ya dawo bayan kwana biyu. Ya sake dawowa. A zuwa na uku ina bakin madafa ina jin su.

"Baba, gidana ne fa," in ji mahaifina.

"Gidanka ne, Malam, ba musu. Sai dai ruwa bai iya karanta takardar gida ba."

Ya ɗauki ƙarfensa ya fita.

Ruwan ya zo wata ranar Laraba bayan azahar, mahaifina yana makaranta. Daga ni sai Inna, mahaifiyata, sai Kaka, wadda ta shekara biyu ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ɗakinta a jikin katangar baya yake, kuma katangar ta bulon ƙasa ce. Cikin awa guda tsakar gida ta zama tafki. Ruwan rufi na zuba, na titi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba inda zai fita. Ya haye dokin ƙofar Kaka, ya taɓa ƙafar gadonta. Na ɗora hannu a bango na ji ya yi laushi kamar danƙo, ga wata tsaga tana tasowa daga ƙasa. Muka gwada ɗaukarta ni da Inna, santsi ya kayar da mu. Kaka ta ce mu fita mu bar ta, ita ta ci zamaninta. Inna ta zauna a bakin gadon cikin ruwa ta riƙe hannunta, ta ƙi motsi.

Sai muka ji duka daga wajen katanga.

Mai shagon da ke bayan gidanmu ya ga abin da mu ba mu gani ba. Ya ce Baba ya sauka cikin magudanar da ke bin bayan gidan, wadda shi da kansa ya yashe ta satin da ya gabata, ruwa na gudu yana bugun cinyarsa, ya durƙusa da guduma da kurfi yana saran simintin. Da ya fashe, ruwan gidanmu ya fito da ƙarfi ya jefar da shi, ya yanke a hannu. Ya miƙe, ya zagayo, ya yi sallama kamar kullum, ya goya Kaka zuwa benen maƙwabta. Tana bayansa tana ce masa ya tafi a hankali, amarya ya ɗauko.

Ruwan ya janye. Katangar ta tsaya.

Da mahaifina ya dawo, ya daɗe tsaye yana kallon kafar. Da safe ya tafi wurin maƙeri, ya dawo da raga.

Baba, kai ne mai aikin da ba a gani sai ranar da ba a yi shi ba. Kai ne ake toshe wa hanci in ka wuce, ba ka taɓa toshe wa kowa hanya ba. An ƙi jin maganarka, ba ka jira ranar da za ka ce ai na faɗa ba, ka ɗauki guduma. Kaka ta ƙara shekara biyu a duniya, ta ga ranar da na gama jami'a, ta rasu a kan gadonta, a busasshen ɗaki. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan ban iya ce maka komai ba sai ina kwana. Abin da bakina ya kasa ne na rubuta.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaji. Makon jiya ya yi zagayensa na ƙarshe. Da ya gama duba rariyarmu zai miƙe, mahaifina ya kama hannunsa ya taimaka masa, ya ce ya ara masa ƙarfen.

"Wannan ba a aronsa, Malam. In ka karɓa, ka karɓa ke nan."

Mahaifina ya karɓa da hannu biyu. Ranar Asabar na leƙa ta taga na gan shi da takalmin roba a bakin kwalbati, matasan gindin bishiya suna yi masa barka da zama sabon minista. Biyu daga cikinsu sun taso sun riƙe masa shebur.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya buɗe maka hanya kamar yadda ka buɗe wa gidajenmu. Ku kuma da kuke karanta wannan, hadari ya fara haɗuwa. Ku je bayan gida ku durƙusa ku duba gindin katangarku, ku leƙa ta maƙwabcinku ma. Daga yanzu ba shi ne zai zo ya yi sallama ba.