Ranar da Jan Sanmu Ya Faɗa Taɓo

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Wagini, ni da wana ba mu iya cin tuwo a kwano ɗaya mu tashi lafiya. Shekara ɗaya da 'yan watanni kawai ya ba ni, amma wanda ya gan mu sai ya ce ya ba ni biyar. Shi ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ga shi da in'ina, saboda haka magana ba ta dame shi ba. Ni kuwa siriri ne kamar karan dawa, duk ƙarfina a baki yake. In faɗa ya tashi, kafin ya haɗa kalma ɗaya na jera mishi goma. Shi kuma in ya ga kalmar ta ƙi fitowa sai ya aiko hannu a madadinta. Kullum haka ake ƙarewa: ni na ci gardama, shi ya ci dambe, mahaifiyata kuma ta ci ciwon kai.

Abin da muke faɗa a kai ma in na tuna yanzu dariya yake ba ni. Wa ya ɗauki takalmin wa, wa zai kai jaki rijiya, wa ya ja bargo ɓangarensa. Ni a ganina shi ba ya da komai sai ƙarfi. Shi a ganinsa ni rago ne da ya koyi ɓoye ragwancinsa a bayan surutu. Gaskiya kowannenmu yana da ɗan abin kamawa.

A wata damina, ruwa ya fara sauka ke nan, mahaifina ya faɗi da babur a hanyarsa ta dawowa daga Safana, ya karye a ƙafa. Aka yi mishi ɗori, mai ɗorin ya ce ba shi ba gona sai bayan kaka. Gero ya riga ya fito, amma gonar gyaɗa da ta wake ko huɗa ba a yi ba. Muna da shanun huɗa biyu, fari da ja, su ne duk dukiyar gidanmu. Mahaifina ya kira mu ɗakinsa, muka durƙusa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ga shanu nan, ga garma nan. Ɗaya ya riƙe garma, ɗaya ya ja shanu. Ba ni da wasu 'ya'ya maza sai ku. In kun ga dama ku yi noma, in kun ga dama ku yi faɗa. Abin da kuka yi shi za mu ci."

Muka ce to. Muka je muka yi duka biyun.

Wana ke riƙe garma, ni nake jan igiyar hancin shanun a gaba. Ya ce ina sauri, na ce shi ke nawa. Ya ce na karkata, na ce idonsa ne karkatacce. Kunyoyin da muka fitar a kwanakin farko sai ka ce maciji ya bi ta cikin gonar. Mutane in za su wuce sai su tsaya su ce mana sannu da aiki, suna danne dariya. Har shanun ma sun gaji da mu. In muka fara sai su tsaya cak suna tuƙa, su jira mu gama.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muka kama hanyar gona. Akwai wani tsohon kududdufi a hanya, inda ake haƙar ƙasar gini da rani, hanyar ta bi ta bakinsa. Kullum nan muke bi. Ranar ma muna tafe muna musun wa ya manta gorar ruwa, shanun na gaba a ɗaure cikin karkiya. Sai kawai na ji wani irin ƙara, gaɓar ta zabtare a ƙarƙashin jan san. Ya zame da baya ya faɗa ciki, karkiyar ta finciko farin har ya durƙusa a bakin ramin, yana shirin bin ɗan'uwansa.

Ni dai tsaye na yi ina salati da ƙarfi. Abin da na iya ke nan. Kafin in rufe baki wana ya zaro wuƙa ya yanke igiyar wuyan farin, ya buge shi a cinya ya yi gefe. Sannan ya jefar da wuƙar ya dira cikin ramin.

Ba ruwan ne abin tsoro ba, taɓon da ke ƙasansa ne. Jan san ya nutse har ƙirji, duk lokacin da ya yunƙura sai ya ƙara shigewa. Karkiyar da ta rage a wuyansa tana danne kansa cikin ruwa, yana huci, ruwa na fita ta hancinsa. Wana ya kutsa har wurinsa, ya kwance karkiyar, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin haɓar san ya ɗaga kan sama. Yana shafa mishi wuya yana yi mishi magana a hankali, abin mamaki ba in'ina ko kaɗan. San ya daina yunƙuri.

Na fara tuɓe riga zan shiga. Ya ɗago ya dube ni.

"Ka-kar ka shigo. Ba ka iyawa." Na buɗe baki zan mayar, sai ya ƙara da cewa, "Ni ma ba-ba ni iya naka. Tahi ka kira mutane. Kai suke ji."

Tun da muka taso ban taɓa jin ya ce na fi shi wani abu ba. Amma ba lokacin tsayawa jin daɗi ba ne. Ruwan ya kai mishi ƙirji, kuma na ga shi ma ƙafafunsa suna shigewa. Na ruga.

Duk wanda ya san ƙauye ya san safiyar da aka kwana ana ruwa ba kowa a gari sai tsofaffi da yara. Gonar farko da na isa wata tsohuwa ce da jikokinta. Ta biyu mutum ɗaya ne, ya ajiye fartanya ya nufi kududdufin da gudu, amma mutum ɗaya me zai yi da bijimi? Sai na jiyo ganga. Gayya ake yi, kuma na san ko gonar waye. Wani dattijo ne maƙwabcin gonarmu, wanda ya yi shekaru ba su ga maciji da mahaifina saboda wata bishiyar ɗorawa da ke kan iyaka. Ko a masallaci ba su tsayawa kusa da juna. Mu ma an hana mu taka gonarsa.

Na tsaya a bakin gonar ina haki. Samari sun fi ashirin sun jeru suna noma, makaɗi na bin su. Dattijon na zaune ƙarƙashin inuwa a kan buzu. Zuciyata ta ce in kwarma ihu kawai. Amma na san shi. In na shiga mishi gona da ihu, na watsa mishi gayya ba da izninsa ba, zai ɗauka raini ne aka aiko ni in yi. Saboda haka na cire takalmi, na je gabansa na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Lahiya lau."

"An tashi lahiya? Ya ruwa? Ya aiki?"

"Ruwa ya yi gyara. Kai ba ɗan wane ba ne? Me ya kawo ka gonata?"

Wallahi gaisuwar nan ita ce mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata, duk da ba ta wuce haka ba. Na ce, "Baba, ba Babanmu ya aiko ni ba. Yana kwance, bai ma san abin da ake ciki ba. Ni na kawo kaina. Sanmu ya faɗa taɓon kududdufi, wana yana ciki har ƙirji, ya tallabe mishi kai. Kun san halinsa, ba zai saki ba. In san ya nutse, tare za su nutse. Na duba duk dajin nan, ba wanda ke da mutane da shanu da igiya a hannu yanzu sai ku. In kun ce in tashi, zan tashi, amma ban san inda zan nufa ba."

Ya juya yana kallon gonarsa. Ƙasa ta yi laushi, samari sun ɗauki zafi, irin ranar da manomi ke jira ce. Na ga yana auna abin. Sai na ƙara da abin da ya zo mini.

"Shekaran jiya da akuyarku ta ɓace, wana ne ya tsince ta a fadama. Ya kawo ta ƙofar gidanku ya ɗaure, bai yi sallama ba don kar ku ji nauyi."

Gaskiya ce, da idona na gani, har na yi mishi tsiya a kai. Dattijon ya juyo ya ƙura mini ido. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗaga wa makaɗin hannu. Ganga ta tsaya.

"Ku aje kayan aiki. A kwanto shanuna, a ɗauko igiyoyin amalanke. Maza!"

Da muka isa, ruwan ya kusa kai wa wana wuya. Fuskarsa ta yi fari, leɓunansa na rawa, amma kan san na nan bisa kafaɗarsa. Mutumin da na fara kira ya miƙa mishi reshe ya kama ya fito, ya ƙi. Aka jefa igiyoyi. Samari suka ce a ɗaura a ƙaho a ja, wana ya girgiza kai, yana son ya yi bayani kalmar ta maƙale. Ya yi ta fama, kowa na ihu a kansa. Ni kaɗai na gane abin da yake nufi, don na yi shekaru ina tarar numfashinsa ina ƙarasa mishi magana, ko da yake da can don in ba shi haushi nake yi.

Na ɗaga murya na ce, "Ya ce in aka ja ta ƙaho wuyansa zai karye! A zagaya ta bayan ƙafafun gaba, ta ƙarƙashin ƙirji. Kuma a sassaro rassa a shimfiɗa mishi inda zai taka."

Wana ya gyaɗa kai. Haka muka yi aikin har ƙarshe, shi yana nunawa da ido da rabin kalma, ni ina shelantawa. Shi ya nutsa da kansa ya zura igiyar ta ƙarƙashin san. Aka ɗaura wa shanun dattijon, samari suka kama sauran igiyoyin, makaɗin ma da ya biyo mu ya saki ganga. Aka ja, aka huta, aka sake ja. Can sai taɓon ya yi wani irin tsotso ya saki. Jan sa ya fito ya kwanta a gaɓa yana numfashi, baƙi ƙirin da laka. Sannan aka jawo wana. Matsattsaku sun manne mishi a ƙafafu, kafaɗarsa ta kumbura ta yi jawur, ko tsayuwa bai iya ba.

Dattijon ya tsaya a kansa ya ce, "Sannu, namiji." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, wannan bakin naka, Allah ya sa ka riƙa amfani da shi inda ya dace." Har yau ban tabbatar ko yabo ne ko gargaɗi ba.

A hanyar gida wana ya dafa kafaɗata, ina jan shanun a hankali. Nauyinsa kamar zai karya ni. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Me-me ka ce mishi har ya taso?"

"Gaishe shi na yi."

Ya yi dariya har da tari. "Da ni ne, da ina nan ina i-ina kwana har la'asar."

Na ce, "Da ni ne a ramin, da tuni ana neman gawa biyu."

Da mahaifiyata ta gan mu mun shigo a haka, ɗaya rataye da ɗaya, duk laka, sai ta saki muciya ta ce, "Yau kuma wa ya kashe wa?" Mahaifina ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ni ba. Da yamma ya sa aka ɗora shi a jaki, da ɗorin da komai, ya je ƙofar gidan dattijon nan ya yi godiya. Maganar ɗorawa dai ba a sake tayar da ita ba, kowa ya ci gaba da tsintar abin da ya faɗo ɓangarensa.

Ba zan ce muku daga ranar mun daina faɗa ba. Mun yi wani a satin ma, a kan wa zai wanke san. Amma wani abu ya fita daga cikin faɗan, wato rainin. Ya koya mini riƙon garma, bai yi mini dariya ba da ta kayar da ni. Ni kuma in za a je wurin malamin dabbobi ko asibitin Batsari da mahaifina, ni ke gaba, shi yana bayana, in na yi kuskure ya taɓa ni. Gyaɗar shekarar ba ta yi wani abin kirki ba, don mun makara. Wake ne ya rufa mana asiri.

Abin da na gane daga baya shi ne, duk shekarun nan kowannenmu yana auna ɗan'uwansa ne da abin da shi ya iya. Ni ina jiran ya zama mai baki kafin in girmama shi, shi yana jiran in zama mai ƙarfi. Da haka za mu tsufa muna jira.

Yanzu ina koyarwa a Safana, shi yana Batsari da iyalinsa yana noma da kiwo. Ba mu cika doguwar hira ba har gobe. In na kira shi a waya ni ke magana, shi yana cewa "to" da "haka ne", kuma a hakan muke fahimtar juna.

Ranar da mahaifinmu ya rasu, ba wanda ya zaunar da mu ya raba mana aiki. Shi ya tafi maƙabarta da masu haƙa, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi da hannunsa ya kwantar. Ni na zauna a ƙofar gida ina amsa gaisuwar jama'a har rana ta faɗi. Da mutane suka ragu sai ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, da sauran jar ƙasa a ƙafafunsa. Na buɗe baki zan ce wani abu, a karon farko a rayuwata na nemi magana na rasa. Sai ya ɗora hannunsa mai nauyi a bayana ya bar shi a nan.

"Ba-bari kawai," ya ce. "Na ji."