Kwaɗon da Na Kai wa Malam a Kwalba

Jama'a, yau har rawa na taka ni kaɗai a fadamar Daudawa!

Wani ɗan koren kwaɗo na gani manne da ganyen rake, cikinsa garau, kamar wanda na taɓa gani a waya. Sau uku ina dubawa, don ban cika yarda da idona ba, sannan na garzaya wurin tsohon malaminmu na kimiyya.

"Malam, na gano kwaɗon gilashi a Faskari!"

Ya juya kwalbar, ya tuntsire da dariya. "Waɗannan ai suna can duwatsun Kudancin Amurka, Sani. Naka ɗan gida ne. Ko biza ka yi mashi?"

Nima dariyar nake har yanzu. Sai dai Malam bai san sunansa na Hausa ba, kuma littafina na jira. A garinku me ake ce masa?