Ƙullin da Yaya Bukar Bai Yanke Ba

Sanarwa ta musamman ga 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka ɗauka na mutu: yau da safe na saka maɓallan rigata da hannuna na dama. Guda uku. Na huɗun ya gagara, matata Fanna ta ƙarasa.

Wata tara ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Na san wasu sun huta.

Wata Talata ce, ina aji a Nguru ina koyar da tarihi yadda na saba, rabin hankalina a allo, rabi a aljihu inda waya ke motsi. Alli ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, yatsuna suka ƙi. Na buɗe baki in yi magana, sai wani gurnani ya fito. Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Ban ga laifinsu ba, a wurina suka koyi yi wa mutane dariya.

A asibiti likita ta auna jinina, ta sake aunawa.

"Malam, tun yaushe aka gaya maka kana da hawan jini?"

Shekara uku. Maganin yana cikin durowa, kusa da littattafaina masu bayanin yadda sakaci ke rushe dauloli.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana goma sha tara a gado, ƙarin ruwa, allurai, sai an riƙe ni zan zaga. Hoton kai kuwa sai Kano, kuɗinsa ne ya cinye babur ɗina. Cikin ku masu rubuta "Allah ya ƙara sauƙi", mutum biyu suka zo. Ɗaya ya ɗauki hoto da ni, bakina a karkace, ya yaɗa.

Mai gashin ƙashi a Gashua bai ɓoye mini komai ba. "Ƙafa za ta dawo. Hannu kuwa sai ka ba shi ƙaramin aiki kullum, hankalinka yana kai. In ba haka ba, nan da wata shida ya zama ado."

Malamin da ba ya iya riƙe alli, me ya rage masa?

Sai yayana Bukar, masunci a Dagona, ya ce a ba shi ni.

Wasunku za su tuna shi. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki hotonsa yana gyaran komar kamun kifi a gindin tsamiya, na saka a shafin nan, na rubuta: "Shekara talatin, ƙulli ɗaya. Allah ka raba mu da rayuwar da ba tunani a cikinta." Kun yi dariya sosai. Na ɗauka bai sani ba, tunda ba ya karatun boko. Ashe an karanta masa a kasuwar kifi ta Gashua, gaban abokan sana'arsa, har sau biyu.

Washegarin zuwana ya karɓe wayata ya cusa cikin buhun shinkafa, ya jefo mini yagaggiyar koma a cinya.

"Malam mai tunani, ga aikin marasa tunani. Bismillah."

Ƙulli ɗaya ya cinye mini hantsi guda. Da yamma ya dawo daga ruwa, ya ɗaga aikin ya duba, ya zaro wuƙa ya yanke duka.

"Wannan ko kwaɗo ba zai riƙe ba."

Haka kullum, mako shida. Wata rana na fashe da kuka, ni da furfurata. Bai ko ɗago kai ba.

"Share da hannun dama. Shi ma motsa jiki ne."

Abin da ya fi ba ni haushi, yana karanta komar kamar yadda nake karanta takarda. Sai ya bi layin da yatsa. "Nan ka tuna wayarka. Nan yunwa. Nan kuma zagina kake yi a ranka." Wallahi bai taɓa kuskure ba. Duk inda hankalina ya fita, ramin komar sai ya fi na kusa da shi faɗi.

Don haushi na fara tsare hankalina, kada ya samu abin karantawa. Zare, yatsa, ja. Zare, yatsa, ja. Wata rana na zauna da hantsi, ban farga ba sai da aka kira azahar. Ban tsara wa kowa baƙar magana ba, ban yi tunanin wa zai yaba ba. Shekarata arba'in da takwas, ban tuna ranar da na taɓa zama wuri ɗaya gaba ɗayana ba. Ban kuma tuna littafin da ya ba ni irin daɗin nan ba.

Ranar ya duba, ya daɗe yana dubawa. Wuƙar ba ta fito ba. Da safe ya jefa komar cikin kwalekwale, ya dawo da tarwaɗa.

"Ta riƙe," in ji shi. "Kada kanka ya kumbura, kifin tsoho ne."

Yatsu biyu ba su dawo ba, an ce ba za su dawo ba. Na koma aji. Ina rubutu a allo a hankali, waya tana gida, kuma sai yanzu na san sunayen 'yan bencin baya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Fanna da ta ga abin da bai kamata mace ta gani daga mijinta ba, ba ta taɓa faɗa ba. Na gode wa ma'aikatan jinya. Ku kuma, ku riƙa auna jininku, in an ba ku magani ku sha. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, a kai shi asibiti a take, kada a tsaya shafa masa mai.

Na goge hoton Yaya da na saka. Yaya ya ce gogewar ba ta isa kasuwar kifi ba. To duk wanda ya karanta masa wancan, ya karanta masa wannan a wurin, shi ma sau biyu.

Yaya Bukar, na yi kuskure. Akwai tunani a ƙullin. Ni ne ba ni da shi.